LITTAFI ƊAYA, LAMBA ƊAYA: DARASI DAGA HAƊA ODAR ABINCI TA INTANET DA NA'URAR CINIKI

 

Mai girma Shugaban taro, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai da 'yan kwamitinsa, Shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu fita, abokan karatuna, da ƙannenmu da ke zaune can baya cikin kayan makaranta, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu a wannan zaure cikin ƙoshin lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙan su, Ya kyautata namu zuwan.

Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, cewa ya yi in yi wa 'yan'uwa bayani a kan sana'ata, tun da yake da yawa daga cikinmu suna da kantuna da gidajen abinci, kuma kullum ana yi musu tallar kayan zamani. Sana'ar tawa ita ce rubuta manhajar kwamfuta, kuma a 'yan shekarun nan aikin da na fi yi shi ne haɗa shafin odar abinci ta intanet da na'urar ciniki ta gidan abinci. Na yi niyyar in zo in lissafa nasarori, kamar yadda aka saba a irin wannan taro. Amma da na tuna malamanmu za su zauna a sahun gaba, sai na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka zan yi bayanin aikin, sa'an nan in ba ku labarin kuskuren da na yi a cikinsa, wanda ya jawo aka kira ɗan mutane ɓarawo alhali bai ɗauki ko kwabo ba.

MECE CE NA'URAR CINIKI?

Kafin in yi nisa, bari in kawar da wani ruɗani. A ƙasar nan in an ce POS, abin da ke zuwa zuciyar kowa shi ne ɗan injin nan da ake zura kati a cire kuɗi a bakin titi. To, a gidan abinci kalmar ta fi haka faɗi. Ana nufin kwamfutar da ke kan kanta gaban kashiya, wadda ke riƙe da jerin abinci da farashinsa, take rubuta duk abin da aka sayar, take fitar da rasit ga mai saye, take tura takarda kicin a san abin da za a zuba, sa'an nan da dare ta faɗi nawa ya kamata a samu a cikin durowa. A taƙaice, ita ce littafin cinikin gidan. Ita zan riƙa kira na'urar ciniki.

Asalin wannan na'ura abin lura ne. Wani mai mashaya a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka, James Ritty, shi ya ƙirƙiro kakarta a 1879, kuma ba don saukaka lissafi ya yi ba, sai don yana zargin yaransa suna ɗibar masa kuɗi. A 1884 John Patterson ya sayi kamfanin da ke ƙera ta, ya sa masa suna National Cash Register. Wato tun ranar haihuwarta, na'urar ciniki mai ba da shaida ce a kan ma'aikaci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita kuwa odar abinci ta intanet, ɗaya daga cikin gwaje-gwajenta na farko shi ne wanda kamfanin Pizza Hut ya yi a 1994 a garin Santa Cruz na jihar Kalifoniya. A lokacin mu nan ko wayar hannu ba mu da ita, domin sai a 2001 ta bazu a Nijeriya. Daga nan abubuwa suka biyo juna. A 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, a 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage mu'amala da tsabar kuɗi daga Legas, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave suka bayyana a 2015 da 2016. Kullen korona na 2020 ya koya wa mutane sayen abinci daga ɗaki, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tilasta wa har mai ƙosai karɓar taransifa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

INDA MATSALAR TAKE

To, ga mai gidan abinci yana da na'urar ciniki a kanta, ga kuma shafin intanet inda mutum zai zaɓi tuwon shinkafa da miyar kuka daga ofishinsa. Kowannensu yana rubuta ciniki. Ke nan gida ɗaya ya zama yana da littafi biyu.

Abokan karatuna za su tuna yadda ake yi a ɗakin cin abincin makarantar nan. Firifet na abinci yana da rajistarsa ta yawan ɗalibai, sitokifa yana da tasa da yake auna hatsi da ita. Duk ranar da rajistar biyu suka saɓa, to teburin ƙarshe, wanda galibi na 'yan aji ɗaya ne, shi ke kwana ba gabza. Ba wanda ya yi mugunta, lissafi ne kawai ya rabu biyu, kuma ƙaramin cikinmu shi ya biya. Aikina kaf bai wuce wannan ba: hana littafi biyu saɓawa.

Hanyoyin da ake bi uku ne. Ta farko, kada a haɗa komai. Oda ta shigo ta wata waya ko ɗan allo da ke gefen kanta, kashiya ya karanta ya sake bugawa da hannu a na'urar ciniki. Wannan ba ta da tsada, amma a lokacin cunkoso ana mantuwa, ana buga biyu a maimakon uku, kuma in gidan yana hulɗa da kamfanonin kai abinci uku, sai ka ga alluna uku suna ta ƙara a lokaci guda. Ta biyu, a ɗauki kamfanin da ke tsayawa a tsakiya kamar dillali, ya karɓi oda daga ko'ina ya zuba ta a na'urar ciniki, ana biyansa duk wata. A Turai da Amurka akwai irin su Deliverect da Olo. Ta uku, a sa shafin ya yi magana da na'urar kai tsaye, ta wata taga da masu ƙera ta suka bari domin haka, wadda masana ke kira API. Ku ɗauke ta kamar tagar ofishin basa ta makarantar nan: ba ka shiga ciki, amma in ka miƙa takarda cikakkiya bisa ƙa'ida, za a karɓa a ba ka shaida. Wannan hanya ta uku ita nake bi. Muhimmancin wannan haɗi ya kai ga a 2025 kamfanin kai abinci na Chowdeck ya sayi Mira, wani kamfanin da ke yin na'urar ciniki ta gidajen abinci.

ABUBUWAN DA DOLE SU DAIDAITA

Duk hanyar da aka bi, akwai abubuwa huɗu da dole littattafan biyu su yi magana da murya ɗaya a kansu.

Na farko, jerin abinci da farashi. Kwamfuta ba ta san masa ba, ba ta san waina ba, lamba ta sani. In shafi ya rubuta "masa" na'ura kuma ta rubuta "waina", a wurinsu abinci biyu ne daban. Don haka kowane abinci ana ba shi lamba guda, haka ma kowane ƙari: ƙarin nama, ƙarin ƙwai, ban da yaji. Kuma wuri ɗaya ake canza farashi, wato a na'urar ciniki, shafi ya kwafa daga gare ta. A wannan zamani da farashin buhun shinkafa ba ya zama wuri ɗaya, wanda ke canzawa a wuri biyu wata rana zai manta da ɗaya, ya yi mako yana sayarwa a tsohon farashi.

Na biyu, abin da ya ƙare. In farfesun kayan ciki ya ƙare da ƙarfe biyu, wanda ke tsaye gaban kanta za a gaya masa ya zaɓi wani abu. Amma wanda ke gida ba ya ganin tukunya. In ba a sanar da shafi nan take ba, zai biya kuɗin abin da babu shi, a koma ana ba shi haƙuri ana neman hanyar mayar masa da kuɗinsa. Haka nan shafi ya kamata ya san ƙarfin kicin. In tukwane ba za su iya fitar da fiye da faranti talatin a cikin kwata ba, to kada ya yi wa mutum sittin alkawari.

Na uku, kuɗi. Hoton rasit da mai saye ya turo ba shaida ba ne, haka ma saƙon alat, domin duka biyun ana yin na jabu. Shaida ita ce saƙon da kamfanin karɓar kuɗi ya aiko wa kwamfutarka kai tsaye, ɗauke da hatiminsa, kai kuma ka koma ka tambaye shi ya tabbatar. Sa'an nan ana lissafi da kwabo, ba da naira ba. Farantin naira 2,500 kwabo 250,000 ne a wurin kwamfuta. Harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a Fabrairun 2020, a kan wannan faranti naira 187 ne da kwabo 50. In shafi ya cike shi zuwa 188, na'ura ta rage shi zuwa 187, to an samu ɓarakar naira ɗaya a kowane faranti, kuma a ƙarshen wata akawu zai kwana yana neman ta.

Na huɗu, lokaci. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafuka galibi da agogon Girinwic suke aiki, mu kuwa muna gabansa da awa ɗaya. Odar da aka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare, a wurinmu ta sabuwar rana ce, a wurinsu ta jiya ce. Gidan da ke rufewa ƙarfe goma ba zai taɓa lura ba. Wanda ke raba dare yana ciniki, kamar yadda ake yi da azumi, shi zai ga cinikin yau ya koma shafin jiya.

Waɗannan huɗun duka na kiyaye su. Akwai na biyar da na yi sakaci da shi.

ABIN DA YA FARU DA AZUMIN 2024

Wani gidan abinci ne a Kano, na wata Hajiya mai ƙoƙari, wadda ta fara da tukunya biyu a ƙofar gida har ta kai tana da ma'aikata fiye da ashirin. Na haɗa mata shafi da na'urar ciniki, aka yi watanni komai lafiya lau. Tsarin da na yi shi ne, in oda ta shigo shafi, sai ya miƙa ta ga na'urar ciniki ya jira amsar "na karɓa". In daƙiƙa talatin suka wuce bai ji amsa ba, sai ya ɗauka saƙon ya ɓata a hanya, ya sake turawa. Na yi haka ne da kyakkyawar niyya, domin kada odar wani ta salwanta.

Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne, saƙo yana iya isa lafiya, amsar ce ta maƙale a hanyar dawowa. Kamar ka aiki yaro da kuɗin cefane, ya kai, amma ya tsaya kallon ƙwallo bai dawo ya gaya maka ba, sai ka sake aikar wani da wasu kuɗin. Ita na'urar ciniki ba ta da hanyar gane cewa ta taɓa ganin wannan oda. Duk abin da ya shigo ta taga, sabon ciniki ne a wurinta.

Muddin netwok na da kyau, amsa na dawowa cikin ƙiftawar ido, aibin yana ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 14 ga Maris, 2024, a makon farko na azumi, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Kwaddebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya. Na tabbata wasunku sun tuna wahalar da aka sha a bankuna a ranakun. Wannan ya zo daidai da lokacin da kowa ke odar kayan buɗa-baki a cikin awa guda kafin magariba. Amsoshi suka riƙa makara, shafina ya riƙa maimaita oda, na'urar ciniki ta riƙa rubuta ciniki ɗaya sau biyu.

Odar da aka biya ta banki ba a lura da ita ba, domin sai ƙarshen wata ake gwada ta da takardar banki. Amma akwai masu biya a hannu in an kai musu, ɗan aike ya kawo kuɗin ya ba kashiya. Su waɗannan kowane dare ake ƙirga su. Na'ura ta ce faranti biyu, durowa ta ce ɗaya. Kashiyan kuwa wani saurayi ne da bai daɗe da gama sakandare ba, yana tara kuɗin shiga jami'a. Daren farko Hajiya ta ce a cire giɓin daga albashinsa. Dare na uku ta yi masa faɗa gaban ma'aikata. Yaro ya rantse, ya yi kuka, amma ga takarda daga kwamfuta, kuma kowa ya san kwamfuta ba ta ƙarya. Kafin azumi ya kai goma sha biyar an dakatar da shi, magana ta kai gidansu, ta kai unguwarsu.

Ni ban san abin da ake ciki ba sai ranar da Hajiya ta kira ni. Ta ce, "Injiniya, ka zo ka buga mini lissafin kwanakin nan duka, ofishin 'yan sanda zan kai." Na je bayan la'asar, na zauna na fara bugawa. Da firintar kanta ta cije, sai na shiga kicin in yi amfani da tasu. A nan na ga wata doguwar ƙusa a jikin bango, an soke ƙananan takardun oda a kanta sun yi tsibi. Na tambayi dattijuwar da ke shugabantar girki ko na mene ne. Ta ce, "Ɗan nan, ai injin naku ne ke in'ina. Sai ya fito da takarda, can an jima ya sake fito da irinta sak, suna ɗaya, unguwa ɗaya. Ni kuwa ba zan zuba wa mutum ɗaya abinci sau biyu ba, sai in soke ta biyun a nan." Na ce, "Inna, kin gaya wa wani?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Jama'a, ina azumi, amma gumin da ya karyo mini a wurin ba na zafin murhu ba ne. Na zare takardun na koma kanta, na ware na masu biya a hannu, na tara kuɗinsu rana-rana. Kowace rana jimillar ta yi daidai da giɓin da aka ɗora wa yaron, ba ragi ba ƙari.

Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo mini da shawara. Ina iya cewa netwok ne, kuma ba ƙarya na yi ba. Ina iya gyarawa a asirce in ce wa Hajiya na'ura ce ta samu 'yar tangarɗa. Ina da wasu gidajen abinci da nake wa aiki, kuma Kano ba a ɓoye magana. A wannan lokaci ne na tuna malaminmu na lissafi, wanda nake gani yanzu a sahun gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya. In mun kai masa aiki muka ce amsar da ke bayan littafi ce ba daidai ba, sai ya mayar mana ya ce mu fara binciken alƙalaminmu kafin mu zargi mai littafi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Netwok ya yi rauni, gaskiya ne, amma wanda ya gina tsari a ƙasar nan bai yi tanadin raunin netwok ba, kamar wanda ya gina ɗaki ne bai yi tanadin damina ba.

Na shimfiɗa takardun gaban Hajiya na ce, "Hajiya, yaron nan bai ci miki ko sisi ba. Kuskuren nawa ne." Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sa'an nan ta yi salati. Bayan sallar tarawihi muka tafi gidansu tare. Mahaifinsa ya karɓe mu a zaure, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce dama ya san abin da ya haifa. Washegari Hajiya ta tara ma'aikata, a wurin da ta yi masa faɗa a nan ta wanke shi, ta mayar masa da abin da aka cire, ni ma na nemi gafararsa gaban kowa. Ya ce ya yafe. Amma bai koma aikin ba. Ya ce ba zai iya sake zama gaban wannan durowa ba, yanzu yana tare da kawunsa a Kantin Kwari. Gyaran manhajar bai ci mini kwana biyu ba. Abin da aka faɗa a kansa a unguwa kuwa, ba ni da maɓallin goge shi.

YADDA AKA GYARA

Maganin ba wani abu ne mai wuya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Kowace oda, tun daga lokacin da mai saye ya danna, ana ba ta lamba tata ita kaɗai, wadda ba za a sake ba wata ba har abada. Lambar tana bin ta zuwa kamfanin karɓar kuɗi, zuwa na'urar ciniki, zuwa takardar kicin, zuwa hannun ɗan aike. In oda ta iso, ana fara duba lambar. In an taɓa ganinta, sai a amsa "na karɓa" ba tare da an sake rubutawa ba. Ko sau goma aka turo, ciniki ɗaya ne. Wannan ai shi ne lambar shiga makaranta da aka ba kowannenmu ranar da ya zo da akwatinsa. A ajinmu masu suna ɗaya sun kai huɗu, amma ba a taɓa yi wa wani bulalar wani ba a ofis, domin lamba ake kira.

Bayan wannan na ƙara abubuwa uku. In hanya ta yanke, oda na jira a layi bisa tsari, kuma in jiran ya yi tsawo, shafi ya daina karɓar sabuwa, ya gaya wa mai saye gaskiya ya kira ta waya. Kowane dare ana gwada shaidu uku, shafi da na'urar ciniki da banki, oda bayan oda, ba jimilla kaɗai ba. Kuma yanzu ba na miƙa aiki sai na yi masa gwajin mugunta: in zare wayar intanet ana tsakiyar oda, in kashe wuta, in danna sau biyu, in ga abin da zai faru. Daga ƙarshe na roƙi Hajiya ta sa duk abin da kicin suka gani ba daidai ba su faɗa a ranar, kuma a saurare su.

SHAWARA GA 'YAN'UWA

Ga 'yan'uwa masu gidajen abinci da kantuna, in wani irina ya zo muku da tallar haɗa shafi da na'ura, ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku titsiye shi. Ku tambaye shi, a cikin biyun wanne ne littafin asali? In oda ɗaya ta zo sau biyu, me zai faru? In netwok ya ɗauke ko aka ɗauke wuta, ina oda take zuwa? In abinci ya ƙare, cikin minti nawa shafi zai sani? In kamfanin da muka dogara da shi ya rufe, ina bayananmu? Wannan ta ƙarshe ba tambayar banza ba ce, domin a Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duk sun daina aiki a Nijeriya. Kada ku yarda da amsar baki, ku ce ya zare waya gabanku ya nuna muku, gani ya kori ji. Haka kuma ku sani lambobin waya da adireshin masu saye amana ce a hannunku, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Sa'an nan ku ajiye littafi da biro a ƙarƙashin kanta saboda ranar da komai zai tsaya.

Abin da ya fi duka, in na'ura ta ce kuɗi sun ɓata, ku bincika kafin ku nuna yatsa. Na gaya muku tun farko an ƙirƙiro ta ne domin ta ba da shaida a kan ma'aikaci, shi ya sa in ta yi kuskure a kansa yake faɗawa, kamar yadda gabza ke ƙarewa a teburin 'yan aji ɗaya. Kwamfuta ba ta ƙarya, amma tana maimaita kuskuren wanda ya tsara ta da cikakkiyar natsuwa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in bai zama ba.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, wannan fage a buɗe yake, kuma ana neman masu yi. Amma kada ku ɗauka aikin zama ne gaban allo kawai. Ku shiga kicin, ku tsaya bayan kanta a lokacin cunkoso, ku gaida masu girki ku tambaye su abin da suke gani. Amsar da na yi kwana da kwanaki ban sani ba, tana soke a jikin ƙusa wurin wata dattijuwa da ba wanda ya tambaya. Ina kuma roƙon Ƙungiya, in an zo maganar ɗakin kwamfuta na makaranta, a sa ni cikin masu hidima, zan riƙa zuwa ina zama da yara duk zangon karatu in Allah Ya yarda.

Daga ƙarshe, ina miƙa godiya ta musamman ga iyayenmu malamai. Ba ku koya mana kwamfuta ba, domin a zamaninmu babu ita a makarantar nan, amma kun koya mana duba aikinmu sau biyu da amsa laifi in mun yi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci zuriyarku, Ya ɗaukaka wannan makaranta tamu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.